Ɓerayen Masar na 'Yar Hajo

Litinin, 5 ga Satumba 1955, bayan la'asar

Malam Ƙasimu, wanda ya koya mana boko a ajin yaƙi da jahilci, ya ce duk wanda ba ya son hannunsa ya mutu, ya riƙa rubuta abin da ya same shi kullum. Shekara guda ke nan littafin nan yana ƙarƙashin tabarma, babu komai a ciki sai sunana, Ɗahiru maɗinki, Ƙofar Galadima, sau goma sha ɗaya. Yau na kakkaɓe shi, don akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa.

Kwana goma sha huɗu yau da rasuwar yayata Hajo, Allah ya jiƙanta. Ranar sadakar bakwai aka kawo yarinyar gidan nan da ƙunshin kayanta a ka. Ita ce ta fari a wurinmu, ni da matata Kulu. Ranar da aka yaye ta Hajo ta goya ta zuwa Ƙofar Gayan, kamar yadda ake yi, shekara bakwai ke nan. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗora ta a cinya ba. In muka haɗu a gidan Hajo sai in dubi bango in tambayi lafiyar mutanen gida. Ba mai zargina a kan wannan. Kunyar ɗan fari ce, haka ubanmu ya yi wa Hajo har ya koma ga Allah. Yarinyar ta tashi tana ce wa Hajo Inna, ni kuma Kawu.

Biyun da suka biyo bayanta ba su zauna ba. Ina jin shi ya sa gidan nan ya cika da masu gashi da masu fiffike. Ga tantabaruna arba'in da 'yan kai, ga awakin Kulu biyu, ga agwagi masu kazanta, ga wani kunkuru da ba wanda ya san shekarunsa. A kan su duka akwai Magajiya, kyanwar mahaifiyata, wadda ta bar mini amanarta tana kan gadon ajali.

Ɗazu Malam Labaran, mijin marigayiya, ya biyo ta zaure. Ya ce bayan arba'in zai kulle gida ya koma wurin ƙaninsa a Kano, ga kuma ɓerayen Masar guda biyu na yarinyar a bayan ɗaki. In ina so in ɗauka. In ba na so zai mayar wa kukun Baturen da ya ba shi, kukun kuwa ya ce suna da daɗi a miya.

Na ce zan yi shawara.

Talata, 6 ga wata, da hantsi

Kuskurena shi ne gaya wa Garba. Shekara ashirin muna zaune a zaure ɗaya muna ɗinkin wuyan riga, ya kamata a ce na san bakinsa. Ya ajiye allura ya yi dariya har da hawaye.

“Ɗahiru, mutane na neman kyanwa don su rabu da ɓera, kai kana da kyanwa kana neman ɓera? Ai ka ce za ka buɗe wa Magajiya gidan abinci.”

Na ce masa ba irin ɓeran rumbu ba ne, ba su da ko wutsiya, ciyawa suke ci kamar zomo. Ya ce to ashe har na yi bincike. Gaskiyarsa, jiya na tsaya na tambayi Malam Labaran dalla-dalla.

Amma maganar Garba tana kan hanya. Magajiya ta tsufa, amma ko jiya ta kawo ƙadangare ta ajiye mini a bakin ƙofa. Agwagi ba sa barin komai ya huta. Ga damina, ga macizai a jikin ganuwa. Sannan mutumin da sarakai ke kawo wa rigunansu, a ji yana kiwon ɓera. Duk na auna wannan, kuma duk gaskiya ne. Akwai wani dalili da ya fi su nauyi: duk wanda ya ga na ɗauko su zai san don wa na ɗauko.

Laraba, 7 ga wata, bayan azahar

Yarinyar ba ta cin abinci. Kulu tana ajiye mata kwano ta juya baya, ita ma kunyar ce. Kwanon yana dawowa yadda ya tafi. Mu uku a tsakar gida ɗaya, kowa yana magana da akuya.

Alhamis, 8 ga wata, bayan la'asar

Malam Ya'u, yayan Kulu, ya zo daga Hunƙuyi a kan kekensa don ya yi mana ta'aziyya. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Bayan an sha fura ya gyara zama ya ce matarsa ba ta da 'ya mace, ga yarinya ta rasa mai riƙonta, kuma kowa ya san 'yar fari ba ta sakewa a gaban iyayenta. In babu damuwa, ranar arba'in zai zo ya tafi da ita.

Garba na zaune, limamin unguwa na zaune. Me zan ce? In ce ina son 'yata, a gaban yayan uwarta? Sai na ji bakina ya faɗi abin da ake faɗa.

“Haba, Malam Ya'u, ai taku ce. Ni mene ne nawa a ciki?”

Liman ya ce madalla, haka ake son mutum. Aka shafa fatiha. Ya'u ya ɗaure bakin wandonsa ya hau keke.

Juma'a, 9 ga wata, bayan masallaci

Ai taku ce. Ni na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Lahadi, 11 ga wata, bayan la'asar

Da safe aka nemi yarinyar aka rasa. Kulu ta leƙa rijiya sau biyu. Na saka riga na ce zan je sayen zare. Ƙofar Gayan na nufa, ina sauri kamar wanda aka biyo.

A bayan ɗakin Hajo na same ta a tsugune, ta tsinko ciyawa cike da zane. Wasu 'yan abubuwa biyu kamar dunƙulen auduga suna ci a hannunta suna wani kuka, kwi-kwi-kwi, ita kuma tana yi musu hira. Tun da aka kawo ta gidana ban ji ta haɗa kalma biyar ba, ga shi nan tana ba ɓera labarin agwaginmu. Da ta gan ni sai ta miƙe ta sunkuyar da kai.

“Kawu, sun kwana biyu ba wanda ya ba su ɗanyar ciyawa.”

Na dubi bango na ce wa Malam Labaran, ba ita ba, “A ba ni aron su mako guda, in ga yadda za su yi da kyanwa. Aro ne fa.” Ya ce to, yana murmushin da ban so ba. Ya zuba su a akwatin katako na kananzir mai 'yan ramuka a gefe, na cire rigata ta sama na lulluɓe, na ɗauka a kafaɗa.

Ban taɓa sanin birnin nan yana da faɗi haka ba. Duk lungun da na bi sai na haɗu da wanda ya san ni. A bakin kasuwa wata mai ganyen yakuwa ta wuce, suka ji ƙanshi, suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Na yi ta tarin ƙarya don in rufe. Wani dillalin riguna ya ce, “Malam Ɗahiru, tarin nan naka har da fito?” Na ce sanyin damina ne. Yarinyar tana biye da ni taku goma a baya, kuma na rantse na ji ta yi dariya.

Litinin, 12 ga wata, da hantsi

Namijin ja ne, sunansa Dogari. Macen fara ce da baƙi zagaye da ido, sunanta Tozali, ta fi shi ƙiba nesa. Ba ni aka gaya wa ba, ta gaya wa kunkuru ne ina alwala.

An ajiye akwatin a gindin rumfa. Awaki suka shinshina suka ga ba abin ci, suka tafi. Agwagi suka yi taro a kai, aka kore su. Magajiya ko kallo ba ta yi ba, ta hau katanga tana lasar hannu. Na san wannan lasar. Na sa aka ɗauko ɗan dutsen niƙa aka danne murfin, na ce da babbar murya, ina fuskantar rumfa, duk wanda ya buɗe akwatin nan ya mayar da dutse. Rumfa ta ji, yarinyar ma ta ji.

Ta cinye tuwonta jiya, har ta suɗe kwano.

Alhamis, 15 ga wata, da hantsi

Kwana uku ke nan ina yin wani abu. In na fito daga sallar asuba sai in bi ta bayan masallaci, inda ganyen dankali ya yi yaɗo, in tsinka in cusa a aljihu. Kafin mutanen gida su fito na ɗaga dutsen na zuba musu. Yanzu da sun ji takuna sai su fara kuka, ina ce musu ku rufa mini asiri. Dogari yana karɓa daga hannuna. Haƙoransa kamar na ɗan yaye.

Mako gudan da na ce ya kusa cika. Ban san abin da zan ce wa Malam Labaran ba. In na riƙe su, wa zai kula da su bayan arba'in? In na mayar, me zan kalla da safe?

Asabar, 17 ga wata, da hantsi

Dogari ya mutu. Magajiya ce.

Asabar, bayan azahar

An sami murfin a zame, dutsen a ƙasa. Tozali ta maƙale a kusurwa, ba abin da ya same ta.

Kulu ta yi faɗa irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. “Ba a gaya miki ki mayar da dutse ba? Kunnenki na ado ne? Kin ɗauko wa mutane wahala kin kasa kula da ita!” Yarinyar tana tsaye, ba ta ce ni ce ba, ba ta ce ba ni ba ce. Ina zaune a kan turmi da buta a hannu. Kulu ta juyo ta ce, “Malam, ba ka ce komai ba.” Na ce, “A kiyaye gaba.” Na tashi na fita zaure.

Lahadi, 18 ga wata, bayan la'asar

Ban ce komai ba.

Litinin, 19 ga wata, bayan la'asar

Yau ma.

Talata, 20 ga wata, bayan azahar

Na ɗinka aska takwas a karkace a rigar wani hakimi, sai da na warware aikin kwana biyu. Garba ya ce ko idona ya fara mutuwa. Da ya ji labarin Dogari bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya ce in saka Magajiya a buhu in kai ta bayan dutsen Kufena in saki. Na ce kyanwar uwata? Kuma me ta yi? Aikinta ta yi, wanda muka yi shekara goma muna yaba mata. Ba ita ta ɗaga dutse ba.

Garba ya ce, “To ai yara haka suke, sai a hankali.” Na ce haka ne.

Yarinyar ta binne shi a gindin zogale, ta kafa tsinke. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Yanzu duk inda za ta, akwatin yana kanta, har bakin rijiya. Kwanon tuwo ya koma dawowa a cike.

Laraba, 21 ga wata, da hantsi

Malam Ƙasimu ya ce a rubuta abin da ya faru, bai ce a rubuta abin da aka faɗa wa mutane ba.

Ranar Asabar na dawo daga asuba da ganye a aljihu. Na sauke dutsen, na zame murfin, ina tsugune Dogari yana ci a tafina. Sai na ji ƙofar ɗakin Kulu ta motsa. Na zabura kamar ɓarawo, na shige zaure, na zauna ina jan carbi don in an leƙo a ga mutumin kirki. Ban mayar da dutsen ba. Na tuna da shi ina zaune, wallahi na tuna, amma na ce bari Kulu ta shiga madafa tukuna kada ta gan ni a bakin akwatin. Kafin ta shiga, an gama.

Don kada matata ta san ina ciyar da dabbar 'yata, na bar dabbar ta mutu. Don kada a san dalili, na bar yarinya mai shekara tara, wadda ba ta yi wata guda da binne wadda ta raine ta ba, ta ɗauki laifin. Ga shi na rubuta. Ban ji sauƙin komai ba.

Asabar, 24 ga wata, bayan la'asar

Na shigo shan ruwa, sai ta tare ni a bakin randa. Ba ta taɓa fara yi mini magana a gidan nan ba. Ta durƙusa.

“Kawu, in Kawu Ya'u ya zo, a bar ni in tafi da Tozali. Nan ba wurin zamanta ba ne.”

Na ce, “Wa ya ce ba wurin zamanta ba ne?”

“Ai ka ce aro ne.”

Na sha ruwan da ban ji ƙishinsa ba, moɗa biyu, na fita. Saura kwana bakwai.

Litinin, 26 ga wata, bayan la'asar

Na tafi Sabon Gari da ƙafa na sayo wayar raga da ƙusoshi. Mai kantin bai tambaye ni ba, amma na gaya masa ta tantabaru ce.

Ɗakin tantabaruna shi ne wuri mafi kyau a gidan nan, ni na gina shi da hannuna: daɓe mai kyau, ba ya yoyo, ga ƙofar katako. Na raba shi biyu. Na kwashe tukwanen ƙasa na mayar sama, masu ƙwai suna ta zagina. Na buga raga daga daɓe har rufi, na toshe duk ramin da yatsa zai shiga, na yi wa ƙofar sakata wadda take faɗawa da kanta in an saki. Wannan ba ta bukatar wani ya tuna da ita. Na buge babban yatsana da guduma, yau ba zan riƙe allura ba.

Na ɗauko Magajiya na ajiye ta a bakin ragar don gwaji. Ta zagaya sau uku, ta kai hannu, ta dube ni kamar na ci amanarta, ta tafi.

Kulu ta tsaya a bayana ta ce, “Malam, wannan duk na mene ne?” Na ce tantabaru sun yi yawa. Ta ce, “Ƙasan da ka shimfiɗa wa harawa ma na tantabaru ne?” Na ce ta tafi tuwonta zai ƙone.

Yarinyar ta saka Tozali a ciki da yamma. Ba ta tambayi wanda ya gina ba.

Laraba, 28 ga wata, bayan azahar

Ashe ƙibar Tozali ba ta ci ba ce. Da safe aka sami 'ya'ya uku a bayanta. Ban taɓa ganin irin wannan ba: da gashinsu, idonsu a buɗe, kafin hantsi suna gudu suna ɗanɗana ciyawa. Ɗaya ja ne sak ubansa.

Yarinyar ta tafi tsinko ganye, na shiga madafa, inda rabona da shiga tun rasuwar mahaifiyata. Na gaya wa Kulu maganar dutse, ina kallon murhu. Na zaci za ta yi salati. Sai ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da gefen zane.

“Ni na zaci ni ce, Malam. Kullum in kun fita ina kai musu dusa. Na kasa tuna ko na mayar da dutsen daren Juma'a. Tsoro ne ya sa na yi mata wannan faɗan.”

Mutum biyu da furfura ta fara kamawa, kowa yana saɗaɗawa bayan ɗan'uwansa don ya ciyar da ɓera. Da Garba ya ji wannan, sai an ɗauke shi a kan tabarma.

Can ta ce, ba ta ɗago ba, “Sau ɗaya na bayar, na yi kunya, kowa ya yaba. Nonona bai bushe ba aka fita da ita. Ba ni da bakin da zan hana yayana. Kai ne ka ce tasu ce.”

Na ce na sani.

Juma'a, 30 ga wata, bayan masallaci

Gobe arba'in. Kulu ta wanke kayan yarinyar ta shanya. Na yi ta neman maganar da zan faɗa wadda ba za ta zama maganar ba.

Asabar, 1 ga Oktoba, bayan magariba

An yi addu'a a Ƙofar Gayan, an raba waina. Daga can Malam Ya'u ya biyo ni gida yana tura keke, ya ɗaura matashi a kariyar bayan keken don yarinyar. Malam Labaran da liman suka rako mu. Garba yana zaure, ya ƙi zuwa ko'ina yau, ya san akwai kallo.

Da aka zauna na fito da dabarar da na kwana biyu ina sassaƙawa. Na ce ɓerayen sun haihu, jarirai ba za su jure hanya ba, kuma ba mai iya kula da su sai ita, ko za a ɗaga tafiyar. Ya'u ya yi dariya ya ce wannan ai mai sauƙi ne, a zuba su a kwando ya rataya a gaban keke, ciyawa kuwa a Hunƙuyi sai sun gaji. Na ce ga rana. Ya ce zai rufe da ganye. Na ce ga gargada. Ya ce zai tura da ƙafa. Dabara ta ƙare, mutum huɗu suna kallona.

Na dubi yatsana mai ciwo na ce, “Malam Ya'u, ka yafe mini. Ba don ɓerayen ba ne. Na yi maka magana ranar nan, ba ta kai zuciyata ba. Ita kaɗai Allah ya bar mana. 'Yata ce, ina son ta zauna a gabana.”

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Liman ya yi gyaran murya ya dubi rufi. Garba ya ce a hankali, “Yau Ɗahiru ya sayar da kunya ya sayi ɓera.” Ba wanda ya yi dariya. Ya'u ya daɗe yana murza hularsa, na ga ransa bai so ba, kuma yana da gaskiya, matarsa ta share ɗaki tana jira. Daga baya ya ce, “Da ka faɗa tun farko, da ban sa ta a rai ba.” Na ce laifina ne. Ya kwance matashin daga kariya, ya shiga ya yi sallama da ƙanwarsa, ya tafi bai sha furar ba. Gobe unguwa za ta ji, jibi kasuwa. Sai in jure.

Saura mai wuyar. Na shiga ciki. Tana tsugune a bakin ɗakin tantabaru, ƙunshin kayanta a gefe, ta samo kwando ta shimfiɗa ciyawa a ciki. Ta ba ni baya. Na tsaya ina ta buɗe baki ina rufewa kamar agwagwa. Sannan na kira ta da sunanta.

Ba ta juyo nan da nan ba. Ta dubi ƙofar madafa tukuna, ta dubi zaure, tana neman mai muryar. Sai ta ce, “Na'am, Kawu?”

Na tsuguna, ban dubi bango ba. Na ce ta kwance kayanta, ba inda za ta, su ma ba aro ba ne. Na ce kuma akwai abin da zan gaya mata: ba ita ta bar akwatin a buɗe ba, ni ne, kuma na ji ana yi mata faɗa na yi shiru.

Ta ce, “Na sani.”

Na ce ta san me?

“Kullum da asuba ina kallonka ta hudar asabari. Kana ce musu su rufa maka asiri. Ranar ma na ga ka gudu. Na fito da sauri, Magajiya ta riga ni.”

Na ce to me ya hana ta faɗa, aka yi ta yi mata faɗa a banza?

Ta ɗauki jan ɗan ta saka mini a tafi, kamar mai ba yaro abin rarrashi.

“Ai na ga kana jin kunya,” in ji ta.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Abin yana ta motsi a hannuna, ɗumi gare shi. Na ji Kulu a madafa tana fyace hanci, ta ce hayaƙi ne, alhali ba ta hura wuta ba.

Lahadi, 2 ga wata, da hantsi

Da asuba na tsinko ganyen dankali na riƙo shi a hannu, a fili, har na gaisa da mutum uku. Na same ta a bakin raga tana jirana. Har yanzu Kawu take ce mini. Ni na jawo, ba zan gyara mata ba sai ranar da ta ga dama.

Na koma shafin farko, ƙarƙashin sunana sau goma sha ɗayan nan akwai sauran wuri. Ban san ko haka ake rubuta sunanta ba, sai na tambayi Malam Ƙasimu.

Sailuba.